MAKALAR MAKO: Mu Da Jirgin Jefa Bom, Daga Filin Sukuwar Kano Zuwa Dajin Kamuku



Abin da ya jawo maganar yau wani ɗan gajeren bidiyo ne da ɗaya daga cikinmu ya turo kwanakin baya. Wani dattijon Ba'amurke ne, jikokinsa na riƙe da shi, yana hawa tsani zuwa cikin wani ƙaton jirgi mai farfela huɗu, irin waɗanda aka yi Yaƙin Duniya na Biyu da su. An gyara jirgin ya yi fes, sun biya kuɗi, aka ɗaga da su sama aka zaga gari aka dawo, ana ta dariya ana ɗaukar hoto. Mutane suka yi ta yabawa. Can sai wata baiwar Allah daga cikinmu ta ce ita kam ɗanta har yau in ya ji rugugin jirgi, ƙarƙashin gado yake shigewa. Daga nan zauren ya yi tsit.

To, ƙarar da ta sa wancan dattijo murna ita ce ke firgita yaron nan namu. Mun ga ya dace mu zauna mu bi sawun abin, domin mu da irin wannan jirgi ba yau muka san juna ba. A watan Nuwamba na 2025 aka cika shekara 100 cif da haɗuwarmu ta farko da shi.

Yadda suke yi a can

A Amurka da Kanada da Ingila akwai ƙungiyoyi da gidajen tarihi da aikinsu ke nan, su nemo gawar tsohon jirgin yaƙi, su shafe shekaru suna gyara, har ya sake tashi. Yawancin masu aikin 'yan sa kai ne, tsofaffin makanikai da matuƙa da suka yi ritaya. Kuɗin da masu hawa ke biya, ɗaruruwan daloli kan tafiyar da ba ta cika wuce rabin awa ba, da su ake sayen mai da kayan gyara.

Jiragen kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai. Amurka ta ƙera B-29 guda 3,970, amma biyu kacal ke iya tashi yau, ɗaya ana ce masa FIFI, ɗaya Doc. Dukansu biyun daga filin gwajin makamai na China Lake da ke hamadar Kalifoniya aka tsamo su, inda aka jibge irinsu don a riƙa koyon harbi a kansu. Doc bai sake tashi ba sai a watan Yuli na 2016, a birnin Wichita inda aka ƙera shi tun farko. Lancaster na Ingila an ƙera 7,377, shi ma biyu suka rage a sama: ɗaya na hannun rundunar sojan saman Ingila, ɗayan na wani gidan tarihi a Hamilton ta Kanada, kuma na Kanadan ne kawai ke ɗaukar fasinja. An ƙera shi a 1945, bai taɓa zuwa fagen fama ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira haka suke, sun zo ne a ƙurarren lokaci, yaƙi ya ƙare kafin a kai su.

Harkar ba ta rasa haɗari ba. Ranar 2 ga Oktoba, 2019, wani B-17 mai suna Nine-O-Nine ya faɗi a filin jirgin Bradley da ke jihar Connecticut ɗauke da mutum 13, bakwai suka rasu. Masu bincike suka gano gazawa wajen kula da injinan jirgin, daga baya hukuma ta janye wa ƙungiyar da ta mallake shi izinin ɗaukar fasinja. A Nuwamban 2022 kuma wani B-17 ya yi karo da ƙaramin jirgin yaƙi a wajen nunin jirage a Dallas, mutum shida suka mutu. Duk da haka ba a fasa ba. Masu yi suna cewa gani ya kori ji, wai yaron da ya shiga cikin jirgin, ya ji sanyin ƙarfen da girgizar injin, zai fi gane abin da kakansa ya sha fiye da wanda ya karanta a littafi. Suna da hujja. Rundunar jiragen jefa bom ta Ingila kaɗai ta rasa mutum 55,573 a wancan yaƙi, akasarinsu samari ne da ba su daɗe da wuce shekara ashirin ba.

Sai dai wanda ya sayi kujera, kujerar sama ya saya. Babu tikitin da zai nuna masa yadda abin yake ga mai goyo a Dresden a Fabrairun 1945, inda aka rasa kimanin mutum 25,000, ko a Tokyo daren 9 ga Maris na wannan shekarar, da jiragen B-29 suka ƙone unguwanni, aka rasa wajen mutum 100,000. Su kansu Amurkawa sun yi rigima a kan haka. Da gidan tarihin Smithsonian ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya jefa bom a Hiroshima, a 1995, tare da hotunan waɗanda bom ɗin ya faɗa wa, tsofaffin sojoji da 'yan majalisa suka tayar da ƙura, har aka soke wancan tsari aka nuna jirgin kusan shi kaɗai.

Ranar 1 ga Nuwamba, sau biyu

Bom na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama a duniya, a Afirka aka jefa shi. Ranar 1 ga Nuwamba, 1911, wani matuƙi ɗan Italiya mai suna Giulio Gavotti ya ɗauki ƙananan gurneti huɗu, ya jefa su da hannunsa a kan Ain Zara da Tajura, bayan garin Turabulus. Turabulus ɗin nan dai ita ce wadda fatake ke tasowa daga cikinta da raƙuma su ratso Sahara har kasuwar Kurmi. A farkon 1920 Ingila ta yi amfani da jirage dangin DH.9 ta rushe ganuwoyin Sayyid Muhammad Abdullahi Hassan a ƙasar Somaliya, yaƙin da ta shafe shekara ashirin tana yi a ƙasa ba ta gama ba. Daga nan Turawa suka gane cewa jirgi ya fi bataliya araha. A Iraƙi suka mayar da abin tsarin mulki: ƙauyen da ya ƙi biyan haraji ko ya yi bore, a aika masa gargaɗi, in bai ji ba a aika masa jirgi.

Cikin matuƙan da suka yi wannan aiki a Iraƙi akwai Arthur Coningham. Shi ne ya jagoranci jirage uku ƙirar DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suka biyo ta Hartum da El Fasher da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Ranar Lahadi 1 ga Nuwamba, 1925, shekara 14 daidai bayan gurnetin Gavotti, suka sauka a filin sukuwar Kano, zamanin Sarkin Kano Usman. Wannan ziyara ita ake ƙirgawa a matsayin mafarin zirga-zirgar jiragen sama a Nijeriya.

Duk mun sha jin wannan labari ana alfahari da shi, kuma abin alfahari ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne DH.9A jirgin jefa bom ne. An ƙera shi a 1918 don Yaƙin Duniya na Ɗaya, katako ne da yadi, kujera biyu, inji ɗaya, ana maƙala masa bama-bamai a ƙarƙashin fukafukai. Ba su jefa komai a Kano ba, sun zo auna hanya ne. Amma Baturen da ya ci Kano da bindiga a 1903 ya san saƙon da yake aikawa da ya sauke irin wannan jirgi a gaban jama'a. Yau DH.9A ɗaya tak ya rage a duniya, yana gidan tarihin sojan sama da ke Hendon a Landan, ba ya tashi.

Hanyar Takoradi

Hanyar da Coningham ya auna ba ta tashi a banza ba. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Hartum zuwa Kano, daga baya ya miƙe ta Kaduna da Minna da Oshogbo zuwa Legas. Da Italiya ta shiga yaƙin Hitila a watan Yuni na 1940, tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga kuma sojojinta a Masar suna neman jiragen sama ruwa a jallo. Sai aka koma wa tsohuwar hanya. A ɗauko jirgi a warwatse cikin akwatunan katako, a sauke a tashar Takoradi da ke Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa shi a can, sannan a tuƙo shi Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, a ratsa Sudan a dire Masar. Tafiyar kimanin kwana shida ce.

Ayarin farko ya bar Takoradi ranar 20 ga Satumba, 1940. Ƙananan jiragen Hurricane shida ne, da jirgin jefa bom ƙirar Blenheim ɗaya a gaba yana yi musu madugu, domin shi ne mai ɗauke da masanin hanya. Haka aka ci gaba da yi, ayari bayan ayari, kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Da Amurka ta shigo, manyan jiragenta irin su B-24 da B-25 suka riƙa tsallako Tekun Atalantika daga Birazil, su sauka Akara, su sha mai a Kano su wuce gabas. Wanda ke karɓar da yawa daga cikin jiragen a can hamadar Masar kuwa, Coningham ne dai, wanda a 1941 ya zama kwamandan rundunar sama ta wannan fage. Jamusawa sun san muhimmancin hanyar, shi ya sa a Janairun 1942 suka turo jirgi ɗaya ƙirar Heinkel ya ratso Sahara daga Libiya ya ƙona rumbun mai a Fort Lamy.

Ina ruwan Birnin Gwari da wannan? Duk mai taswira ya shimfiɗa zare daga Legas zuwa Kano, zai ga ya ratsa ta tsakaninmu da Kaduna. Kuma a 1936, shekarar da aka buɗe wa jiragen fasinja wannan hanya, a ita ce aka keɓe dajin Kamuku a matsayin gandun dajin En'e. Ashe tun zamanin kakanninmu jiragen yaƙi ke wucewa ta maƙwabtanmu, sai dai a lokacin wucewa kawai suke yi, faɗan na wasu ne a wata ƙasa. Blenheim ɗin nan madugun ayari, ɗaya ne kawai ya rage mai tashi a duniya, yana Duxford a Ingila.

Namu da suka hau

Ba kallo kaɗai muka yi ba. Jama'ar Nijeriya sun tara kuɗin gudunmawar yaƙi, har Ingila ta laƙaba wa runduna ta 91 ta jiragen Spitfire sunan Nijeriya. Dubban samarin Arewa kuma sun tafi Boma cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. 'Yan runduna ta 81 da suka kutsa kwarin Kaladan, abincinsu da harsashinsu daga sama ake jefo musu da laima, domin babu hanyar mota. A 1944 kuma an kwashi bataliyoyi uku na sojan Nijeriya a jirage aka sauke su a bayan layin Japanawa. Waɗannan su ne talakawanmu na farko da suka shiga jirgin soja da yawa haka, ba su biya ko kwabo ba, wasu kuma ba su dawo ba. Kusan kowane gari a ƙasar nan ya yi nasa tsohon sojan Boma, mai lambobi a ƙirji ranar tuna 'yan mazan jiya. Mu tambayi kanmu, mutum nawa ne cikinmu suka zauna suka rubuta abin da irin waɗannan dattawa suka faɗa kafin su koma ga Mahaliccinsu?

Ranar da bom ya sauka a gida

An kafa rundunar sojan saman Nijeriya a watan Afrilu na 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, Kaduna ce cibiyar horonta. Shekara uku bayan haka Yaƙin Basasa ya ɓarke. Abin mamaki, jirgin jefa bom na farko a wannan yaƙi ragowar Yaƙin Duniya na Biyu ne, B-26 ƙirar Amurka, wanda Biyafara ta saya a hannun 'yan kasuwa, wani tsohon matuƙi ɗan Folan mai suna Jan Zumbach yana tuƙa shi. Ya kai hari filin jirgin Makurɗi a Yulin 1967, a watan Agusta kuma aka kai wa filin jirgin Kano, inda ake sauke jiragen MiG da Tarayyar Sobiyet ta kawo. Wato irin jirgin da Ba'amurke ke biyan kuɗi ya gani a wajen nuni, mu an gyara shi ne aka jefo mana bom da shi.

Gwamnatin Tarayya ta samo jiragen Ilyushin 28, Misirawa na tuƙa da yawansu, kuma bama-bamansu sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Gabas. Wannan ma tarihinmu ne, bai kamata mu tsallake shi don ya yi ɗaci ba. A 1969 wani ɗan Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa Biyafara ƙananan jiragen koyon tuƙi aka ɗaura musu rokoki. Ragowar jiragen ɓangarorin biyu suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia da aka kafa a 1985, a tsaye a fili, rana da ruwan sama na dukansu. Ana iya zuwa a gani, amma babu mai tashi.

Dajinmu

A 1999 aka mayar da Kamuku gandun daji na ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,121. An yi zamanin da ɗalibai da baƙi ke zuwa kallon Dogon Ruwa da Goron Dutse. Abin da ya biyo baya ba sai an ba ɗan Birnin Gwari labari ba. Satar shanu ta koma satar mutane, hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa ta zama sai da rakiya, gonaki suka koma saura, garuruwa suka watse.

A nan ne dangantakarmu da jirgi ta zama mai wuyar faɗa da baki ɗaya. Gaskiya ita ce mu da kanmu muka riƙa roƙon a turo shi. Duk wanda ya taɓa kwana yana jin harbi a bayan gari ya san daɗin da ake ji in rugugi ya taso daga gabas. Akwai garuruwan da jirgi ne ya kore musu mahara, kuma matuƙan nan da ransu suke wasa. A Fabrairun 2020 an harbi jirgi mai saukar ungulu na 'yan sanda a dajin Kuduru, matuƙansa suka ji rauni. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙinsa Abayomi Dairo ya diro da laima, ya yi ta ɓuya a daji har Allah Ya kuɓutar da shi. A wannan shekarar aka kawo jiragen Super Tucano 12 daga Amurka aka ajiye su a Kainji, masu farfela ɗaya a hanci, in ka hango su sai ka ce na zamanin Hitila ne.

Ɗaya gaskiyar kuma ita ce daga sama ba a gane fuska. Ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojan sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno, ya kashe mutane masu yawa har da ma'aikatan agaji. Daren Lahadi 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya saki bom a kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi, nan kusa da mu. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Shi ya sa uwa a ƙauye in ta ji jirgi ba ta san ko ta yi hamdala ko ta kwashi 'ya'ya ba. Sau da yawa duka biyun take yi.

A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kara bayan shekaru tana rufe. Motoci sun dawo hanya, manoma da yawa sun koma gona. Muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma sulhu bai share abin da yara suka gani ba.

Abin da ya rage gare mu

Dattijon nan na bidiyo ya iya hawa jirgin yana dariya ne saboda yaƙinsa ya ƙare shekara 80 da suka wuce, an ƙirga matattu, an rubuta sunayensu a bango, kuma bom bai taɓa sauka a unguwarsu ba. Mu ba mu kai nan ba. Ba ma hassadar su, ba kuma ma cewa a daina adana jirage. Da ma a ce an kula da na Umuahia, da ma a ce akwai wuri a Kano da ɗalibi zai je ya ga abin da ya faru a 1925 da 1940. Sai dai darasin rigimar Enola Gay ya ishe mu: in an ajiye ƙarfe ba a ajiye sunayen mutane ba, rabin labari aka ajiye, kuma rabin masu ƙarfi.

Wata rana za a yi ritayar Alpha Jet da Super Tucano, a yi musu fenti a kafa su a ƙofar bariki, jikokinmu su je su ɗauki hoto. Abin da za a rubuta a allon da ke gabansu ya danganta da abin da muka adana yau. In ba mu rubuta ba, wani zai rubuta mana, kamar yadda labarin 1925 ya iso mana daga bakin matuƙa kaɗai, ba mu da abin da mai tallar goro a bakin filin sukuwa ya ce.

Don haka ga aikin da muke ba kanmu a wannan zaure. Duk mai dattijo a gida, ya zauna da shi da wayarsa ya naɗi muryarsa: yaushe ya fara ganin jirgi, me aka ce musu, wa ya je Boma a danginsu. Duk wanda garinsu ya tashi, ya rubuta sunan garin da shekarar da aka tashi da sunayen waɗanda aka rasa, ko ta hannun mahara ko ta kuskuren jirgi, tare da amincewar iyalansu. Mu rubuta har da garuruwan da jirgi ya cece su, domin adalci ya hau kan kowa. Wanda bai iya rubutu ba ya turo murya, akwai masu juyawa a cikinmu. Abin da ya taru za mu tsara shi gunduma gunduma, daga Kuyello zuwa Randagi, daga Dogon Dawa zuwa Kakangi, mu nemi inda za a ajiye shi a cikin gari yadda ɗalibai za su iya zuwa su karanta.

Ga 'yar uwarmu mai yaron nan kuma, muna yi masa addu'ar Allah Ya yaye masa wannan firgici, Ya nuna mana ranar da zai ji jirgi ya fito tsakar gida yana ɗaga masa hannu kamar yadda muka yi muna yara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.